Shugaba, Rage Kayan da Ke Kanka

Wannan kira ne ga duk wanda Allah ya ɗora wa shugabancin wasu a wurin aiki, asibiti ne ko ofis ko makaranta. Mu ma'aikatan lafiya mun san irin mutumin da nake nufi. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Makulli yana aljihunsa, rahoto shi zai rubuta, ko takardar neman hutu sai ta jira shi. Kowa na yabon ƙwazonsa, amma ranar da muka ɗaura masa abin awon jini sai hankalinmu ya tashi.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka rasu a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, sanadiyyar aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi na mai sa'o'i 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Shugaban da ya ƙi sakin aiki da kansa yake kai kansa cikin wannan sahu.

To me ke hana shi saki? Ban ɗauke shi mugu ba. Ya san idan ya yi da hannunsa minti goma ya ishe shi, idan kuwa zai koya wa wani sai ya ɓata awa guda, kuma na farko ba zai fito yadda yake so ba. Ya san in an yi kuskure sunansa za a kira. Akwai kuma tsoron da ba a cika furtawa ba: kada yaro ya iya, a daina nemana. Duk waɗannan na gaske ne, sai dai awa gudan nan sau ɗaya ake biyanta, minti goman kuwa kullum ne har ritaya.

Fanninmu ya taɓa shiga wannan matsi. Lokacin da masu ɗauke da cutar ƙanjamau suka yi wa likitoci yawa a ƙasashe da dama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2008 kan miƙa wasu ayyukan likita ga ma'aikatan jinya, wasu na jinya kuma ga ma'aikatan lafiya na cikin al'umma. Ba a ce a jefa musu aiki a juya baya ba. An gindaya sharuɗɗa: a horar da mutum, a fayyace masa iyakarsa, a riƙa bibiyarsa, ya kuma san inda zai tura abin da ya fi ƙarfinsa. A nan ne yawancin shugabanni ke tuntuɓe. Wani ya ce "je ka yi" ba bayani, abu ya lalace, ya ce ai dama na faɗa. Wani kuma ya ba da aikin amma yana tsaye a kan mutum kamar inuwa, har mai yin ya rasa natsuwa.

Idan za ka damƙa aiki, faɗi abin da kake son gani a ƙarshe da ranar da kake buƙatarsa. Faɗi abin da zai iya yanke wa hukunci shi kaɗai da wanda sai ya tuntuɓe ka. Sanar da sauran ma'aikata cewa shi ke riƙe da shi, don aiki ba iko wahala ce kawai. Ku tsayar da ranar da za ku zauna ku duba tare, kafin ranar ka ƙyale shi. In ya yi kuskure ku gyara tare, kada ka ƙwace.

Akwai abin da ba a wakiltawa: ladabtar da ma'aikaci, sirrin mutane, da duk aikin da doka ta ce sai mai lasisi. Alhakin abin da ka miƙa ma yana nan a wuyanka. Ka fara da aiki ɗaya mai maimaituwa a wannan makon, lokacin da ya rage maka kuma ka je a auna jininka, musamman in barci ya fara yi maka wuya ko ciwon kai ya zama na kullum.