Ma'anar "Incognito": ɓad-da-kamar da ba ta wuce ƙofar gida

Kawuna manomin albasa ne a fadamar Kwalkwalawa. Bara, da tsadar mai ta ishe shi, ya ƙudura sayen injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ya tambayi farashi a wayarsa sau biyu ko uku, ya leƙa shafukan masu sayarwa, ya ajiye. Tun daga ranar, duk shafin da ya buɗe, na labarin siyasa ne ko na ƙwallo, sai hoton injin nan ya leƙo ta gefe. Da na je gaishe shi bayan La'asar, ko gaisuwar ba mu gama ba ya miƙo mini wayar.

"Kai ɗana, wagga waya taku, wa yag gaya mata ina biɗar injin?"

Kafin in buɗe baki autansa ya riga ni: "Baba, ai Incognito za ka riƙa shiga, babu mai ganin ka."

Wannan amsa na sha jin ta, daga ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo har masu gyaran waya. Rabinta gaskiya ce. Ɗaya rabin shi ke kai mutum ya baro.

Kalmar ta Italiyanci ce, tushenta Latin, ma'anarta "wanda ba a gane ba". Da Hausa ɓad-da-kama ke nan, irin ta sarkin da ya tuɓe rawani ya shiga kasuwa don ya ji abin da talakawa ke faɗa. Chrome na Google, manhajar buɗe shafukan intanet, shi ne ya yayata sunan tun fitowarsa a 2008, da ɗan hoton nan na hula da tabarau. Safari na kamfanin Apple ya riga shi kawo tsarin tun 2005, Firefox da Edge ma kowa da sunan da ya raɗa wa nasa, amma aikin ɗaya ne.

Ba za a gane aikin ba sai an raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa su kira "Google". Akwai burauza, akwai injin bincike. Burauza ita ce manhajar da ke buɗe maka shafi: Chrome, Firefox, Safari, Opera, Brave, ko Phoenix da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa. Injin bincike kuwa shi kake jefa wa tambaya ya nuna maka inda amsa take: Google, Bing, DuckDuckGo, Startpage. Burauza ɗan kabu-kabu ce, ita ke ɗaukar ka ta kai ka. Injin bincike shi ne dattijon bakin hanya da kake tambaya, "Don Allah ina gidan mai ɗori?" Ɗan kabu-kabu ya san duk inda ya sauke ka. Dattijon kuma ya san abin da ke damun ka, tunda da bakinka ka gaya masa. Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa a yawancin wayoyinmu na Android, mai babur ɗin da dattijon duk yaran gida ɗaya ne.

To me ya bi Kawu? Wani ɗan guntun rubutu ne da ake kira kuki, wanda shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka. Wani injiniyan kamfanin Netscape, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro shi a 1994, da niyya mai kyau: don shafi ya tuna da kai, kada ka riƙa shigar da kalmar sirri kowane minti. Matsalar ta taso ne da kamfanonin talla suka gane za su iya dasa nasu kukin a dubban shafukan da ba nasu ba. Duk wanda ya taɓa shiga Kara ana gobe Sallar layya ya ga yadda dillali ke shafa wa rago fenti a gadon baya. Ragon ya kutsa cikin ɗari, mai shi zai nuna shi daga nesa. Haka aka shafa wa burauzar Kawu alama a shafin mai injin, aka gane ta a shafin ƙwallo.

Abin da Incognito ke yi shi ne ya buɗe maka sabuwar taga wadda ba ta ɗauke da tsofaffin kukinka, idan ka rufe ta kuma ya goge jerin shafukan da ka shiga da sababbin kukin da aka dasa. Ke nan autan Kawu bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Da a wannan taga aka nemi injin, da wuya tallan ya manne masa haka. Kuma ga gidajenmu, inda waya ɗaya ke yawo daga hannun maigida zuwa na uwargida zuwa na yara masu kallon bidiyo, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Matar da ke neman bayani a kan wata lalura ta mata a wayar yayanta tana da hakkin kada ya gani.

Amma nan ya tsaya. Share sawunka ne a ƙofar gida, alhali duk unguwa ta ga fitarka. Shafin da ka shiga yana ganin lambar adireshin da na'urarka ta zo da ita. Kamfanin layinka yana ganin sunan shafin da ka nufa, ko da bai iya karanta abin da ke ciki idan adireshin ya fara da https, kuma kada a manta tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN. Mai Wi-Fi na ofis ko na makaranta shi ma haka. Idan kuwa ka shiga akawun ɗinka na Gmail ko Facebook a cikin tagar, ka cire hular da tabarau da hannunka. Abin da ka sauke ma yana nan zaune a wayar.

Akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar fenti sam. Bafulatani ba ya shafa wa saniyarsa komai, amma ya san ta da ƙahonta da tafiyarta. Shafuka ma suna iya haɗa irin wayarka, girman fuskarta, harshen da ka saita, agogon yankinka da ire-irensu, su fitar da kamannin da ba kowa ke da irinsa ba. Goge kuki ba ya canja ƙaho.

Ba mu kaɗai muka yi wa kalmar gurguwar fahimta ba. A 2020 wasu masu amfani da Chrome a Amurka sun maka Google a kotu kan cewa yana tattara bayanansu ko suna cikin Incognito. An sasanta, a 2024 kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara rubutun gargaɗin da ke fitowa idan ka buɗe tagar. Rubutun nan da kowa ke tsallakewa, ya cancanci a karanta shi sau ɗaya.

Saboda haka wanda ke son sirri na gaske, mai babur da dattijon zai duba, ba hula ba. Safari ya toshe kukin 'yan talla gaba ɗaya tun 2020. Firefox, na gidauniyar Mozilla, tun 2022 yake killace kukin kowane shafi a tukunyarsa, kada wani ya leƙa ta wani. Brave, wanda Brendan Eich ya kafa kamfaninsa, yana tare talla da 'yan bin sawu tun daga buɗewa, abin da ke rage cin data kuma, ga mai sayen ta ɗari biyar-biyar wannan ma riba ce. Chrome ya yi shekaru yana alkawarin kashe irin wannan kuki, daga baya ya fasa. Kamfanin da talla ce abincinsa, ban yi mamaki ba. Opera Mini da muka taso da ita tana da nata sha'ani: idan ka kunna matse data sosai, shafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin ne su ƙanƙanta shi kafin ya iso ka. Sauƙi ne, amma ka ƙara mutum ɗaya a tsakani. Burauzar Tor ita ce mai ɓad-da-kamar gaske, tana bi da kai ta tashoshi uku kafin ka isa, sai dai nauyinta a kan netwok ɗinmu sai mai haƙuri, kuma manomin da ke neman farashin inji ba ya buƙatar ta.

A ɓangaren bincike, DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008, ya ce ba ya ajiye tarihin tambayoyinka da sunanka. Yawancin amsoshinsa daga Bing na Microsoft yake samo su. Startpage na ƙasar Holan kuwa ɗan aike ne: ya kai wa Google tambayarka, ya kawo maka amsa, ba tare da ya faɗi wanda ya aiko shi ba. Ba na cewa waliyyai ne. A 2022 an gano burauzar DuckDuckGo tana ɗaga wa wasu 'yan bin sawun Microsoft ƙafa saboda yarjejeniya, sai da aka yi ca sannan suka gyara. Mozilla ma mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake zuwa, ladan sa shi a matsayin injin farko a Firefox. Wannan gurbi na "injin farko" ba abin wasa ba ne: a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don ya riƙe shi a wayoyi da burauzoji. Sun san yawancinmu yadda waya ta zo daga kwali haka za ta tsufa, ba mu taɓa saitinta.

A wayar Kawu abu uku muka yi, a kan tabarma, kafin kiran Magariba. Na sa masa Brave, na mai da injin bincikenta DuckDuckGo. Sannan na buɗe myactivity.google.com a akawun ɗin da mai shagon waya ya buɗe masa shekarun baya, wanda shi bai ma san da shi ba. Tambayoyinsa na nan jere da ranakunsu: farashin taki, maganin tsutsar albasa, kuɗin kujerar Hajji. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Muka goge, muka saita ta riƙa share kanta duk wata uku.

Bayan mako biyu ya kira ni. Tallan injin ya ɓace, amma yana da ƙorafi: ya nemi wani shagon kayan noma a cikin gari, sabon injin binciken ya kawo masa na Legas da na Indiya. Na ce irin wannan tambaya ta kusa ya koma wa Google da ita, ya fi sanin lungunan Sakkwato, sauran kuma ya bar wa DuckDuckGo mai alamar agwagwa.

"To, na ji," in ji shi. "Kowa da abin da aka tambaya tai."