Zaɓen kwamishinonin tashar jiragen ruwa

Zaɓen kwamishinonin tashar jiragen ruwa tsari ne da mazauna wani yanki ke kaɗa ƙuri'a domin fitar da mutanen da za su riƙe ragamar tashar da ke yankinsu. Ƙasashe kaɗan ne ke bin wannan hanya, domin a mafi yawan duniya, har da Najeriya, gwamnati ce ke naɗa shugabannin tasha. Inda tsarin ya fi kafuwa shi ne jihar Washington da ke arewa maso yammacin Amurka. A can ne dokar shekarar 1911 ta bai wa jama'a damar kafa gundumomin tasha, don a raba bakin teku da kamfanonin jiragen ƙasa da suka mamaye shi. A wannan shekarar aka kafa hukumar tashar Seattle, ta Tacoma kuma ta biyo baya a 1918.

Yadda zaɓen yake

Tashar Seattle tana da kwamishinoni 5, kowannensu da wa'adin shekara 4, kuma masu zaɓe na gundumar King baki ɗaya, wadda birnin Seattle ke cikinta, su ne ke zaɓensu. Ɗan takara ba ya tsayawa da tutar jam'iyya. Ana yin zaɓen share fage a watan Agusta, mutum biyu da suka fi ƙuri'a a kowace kujera su kara a watan Nuwamba. Ana aika wa masu zaɓe takardar ƙuri'a gida ta gidan waya, tare da ɗan littafin da kowane ɗan takara ya bayyana manufarsa a ciki. Ba a zaɓen duka kujerun lokaci guda, don kada hukumar ta wayi gari babu wanda ya san aikin.

Kwamishina ba ya tuƙa ƙugiyar sauke kwantena, ba ya kuma binciken kaya. Binciken kaya aikin kwastam ne na gwamnatin tarayya. Ikon hukumar ya tsaya ne a kan amincewa da kasafin kuɗi, naɗa babban darakta, bayar da hayar filaye da matsayar jirage, da kuma yanka haraji a kan gidaje da filayen gundumar. Dokar jihar ta ƙayyade babban harajin da kada ya wuce santi 45 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar kadara.

Abin da 'yan takara ke jayayya a kai

Haraji ne kan gaba. Wasu na cewa tashar da ke karɓar kuɗin haya daga manyan kamfanonin jirage ba ta da dalilin taɓa aljihun mai gida. Wasu kuma na cewa kuɗin harajin ne ke gyara gurɓataccen fili da hanyoyin shiga tasha, ayyukan da babu kamfanin da zai biya.

Sai batun hayaƙi da ƙara. Jirgin da ya tsaya a tasha yakan bar injinsa a kunne domin samun lantarki, hayaƙin kuma ya sauka a unguwannin kusa, waɗanda galibi na masu ƙaramin ƙarfi ne. Maganinsa shi ne a ja wa jirgin wuta daga tudu ya kashe injin, amma aikin na da tsada, kuma ba kowane jirgi ne ke da mahaɗin karɓar wutar ba. Haka batun tilasta sauya tsofaffin tireloli: iska za ta gyaru, sai dai direban da ya mallaki motarsa da bashi shi zai ji a jikinsa. A Seattle hukumar ce kuma ke riƙe da babban filin jirgin saman yankin, don haka ƙarar jirage ma kan shiga yaƙin neman zaɓe. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan tasha tana da nata ma'auni, wato matsayin ɗan takara kan injinan da ke aiki ba tare da mutum ba.

Hayar fili ce ta fi nuna nauyin ƙuri'a. A tashar Vancouver ta jihar Washington, wadda ke bakin kogin Columbia da kwamishinoni 3 kacal, an ba wasu kamfanoni haya don gina matattarar ɗanyen mai da za ta karɓi ganga 360,000 a kullum ta jirgin ƙasa. Zaɓen 2017 ya koma tamkar ƙuri'ar raba gardama a kan aikin. Don Orange, wanda ke adawa da shi, ya yi nasara, rinjaye ya sauya, kuma a watan Janairun 2018 hukumar ta kaɗa ƙuri'ar kawo ƙarshen hayar. A cikin watan gwamnan jihar ma ya ƙi ba da izini.

Inda tsarin ke rauni

Masu zaɓe da yawa ba su san aikin hukumar ba, wannan kuwa yana ba masu hulɗa da tashar damar yin tasiri da kuɗin kamfe. Akwai kuma alkawarin da ya fi ƙarfin kujera. Yarjejeniyar haya kan kai shekaru gommai, sabon kwamishina ba zai iya yage ta yadda ya ga dama ba. Tun 2015 ma Seattle da Tacoma suka haɗe harkar kwantenarsu ƙarƙashin ƙawance ɗaya, wanda ke nufin shawara kan kaya sai hukumomin biyu sun amince. Mai auna ɗan takara ya kamata ya fara duba ko abin da ya yi alkawari yana cikin ikon hukumar.

Kwatanci da Najeriya da Kaduna

Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta fara aiki a 1955, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanninta. Daga 2006 aka miƙa aikin sauke kaya a Apapa da Tin Can da sauransu ga kamfanoni masu zaman kansu, hukumar ta zama mai gidan haya. Kaduna ba ta da teku, amma tana da tashar tsandauri, wato tashar kwantena ta kan tudu, a Kakuri, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ranar 4 ga Janairun 2018. An ba ta matsayin tashar da kaya ke iya tasowa daga gare ta ko su ƙare a cikinta, wato ɗan kasuwar Kaduna na iya kammala aikin kwastam a gida maimakon Legas.

Tambayoyin da ake yi wa 'yan takara a Washington suna nan a Kakuri da wata kama. Tsohon layin dogo daga Legas ne ya ratsa wurin, kuma duk lokacin da jirgin ƙasan dakon kaya ya daina zirga-zirga, kwantena sai ta hau tirela, kuɗin dako ya tashi, ribar mai fitar da cittar Kachia ko Kafanchan ta ragu. Bambancin shi ne mai kayan ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kowa da ita. Ƙorafinsa yakan bi ta Majalisar Masu Safarar Kaya ta Najeriya, wadda ke sa ido kan tashoshin tsandauri, ko ta cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kaduna, ko kuma ta wakilinsa a Majalisar Tarayya.