Dashen Ɓargo a Maganin Sikila

Dashen ɓargo hanya ce ta sauya ɓargon maras lafiya da na mai lafiya, domin jiki ya koma ƙera jini na ƙwarai. A cikin ɓargo ne ƙwayoyin halitta na asali, wato sitem sel, suke zaune, waɗanda ke hayayyafa su rikiɗa zuwa jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini. Duk cikin binciken da ake yi kan irin waɗannan ƙwayoyi, wannan ne ya fi daɗewa a asibiti kuma ya fi tabbata. Likitan Amurka Donnall Thomas ya fara gwada shi a shekarun 1950, ya samu kyautar Nobel a 1990. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yi wa mai sikila a 2011.

Matakin farko shi ne gwajin HLA, wanda ke nuna ko garkuwar jikin mutum biyu ta dace. Daban yake da gwajin jinotaif. Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. A manyan gidaje na Gusau ko Argungu, iyaye kan ɗauka samun mai bayarwa ba zai yi wuya ba saboda yawan 'ya'ya, alhali ɗan wani ɗaki da wuya ya dace gaba ɗaya. Mai AA ko AS yana iya bayarwa, mai SS ba ya iyawa.

Ana sa mai bayarwa barci, a zuƙo ɓargon da allura daga bayan ƙashin ƙugu, ba a wuce mililita 20 a kan kowane kilo na nauyinsa, kuma jikinsa yana mayar da shi cikin 'yan makonni. Shi kuwa maras lafiya, sai an fara kashe tsohon ɓargonsa da magunguna masu ƙarfi irin su busulfan, sannan a sa masa sabon ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke lalubo hanyar ƙashi. Kafin su kama, mako biyu zuwa huɗu, yaron ba shi da garkuwa, zazzaɓi kaɗan na iya zama ajali, shi ya sa ake killace shi.

Wani lokaci jiki yakan ƙi sabon ɓargon, sikila ta dawo. Wani lokaci kuma sabon ne ke yaƙar jikin, a ga ƙuraje da gudawa da shawara, don haka ake shafe watanni ana shan cyclosporine, maganin da ke danne garkuwar jiki. Busulfan na iya hana haihuwa, kuma wajibi ne a gaya wa iyaye wannan tun kafin su amince. Duk da haka, idan yaro ne ƙarami kuma shaƙiƙinsa ya dace, fiye da kashi 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake gyara ƙwayoyin maras lafiyar da kansa a mayar masa, ba sai da mai bayarwa ba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Kafso da garin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan sitem sel ba su da alaƙa da ko ɗaya daga ciki, domin ƙwayar halitta mai rai ba ta tsira daga narkewar abinci.

Dashen yana sauya jini ne kawai, ba ya sauya gadon da ke cikin ƙwayoyin haihuwa. Mai SS da ya warke zai ba kowane ɗansa S, don haka gwajin jinotaif kafin aure yana nan a kansa.