Galanthus

Galanthus ɗan ƙaramin tsiro ne mai farin fure, dangin Amaryllidaceae, wanda ke fitowa daji a Turai da Turkiyya da yankin Kaukasus. Ire-irensa sun kai kusan 20. A Ingila ana kiransa snowdrop, kuma masu lambu na ji da shi saboda yana huda ƙasa ya yi fure tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ƙanƙara ta kwantar da kusan komai. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya ba shi sunan kimiyya a 1753.

Daga ƙwaya yake tsirowa, mai kama da ƙaramar albasa, sai dai ba a ci, domin tana da guba. Kowane kara na ɗauke da fure guda da ya sunkuyar da kai: manyan ɓangarori uku farare tas a waje, gajeru uku a ciki masu ɗigon kore a baki. Nan ne bambancinsa da Leucojum, wani tsiro ɗan uwansa mai kama da shi, wanda ɓangarorinsa shida tsawonsu ɗaya.

Wanda ya san tsiron, gindin ganye yake fara dubawa don gane irinsa. A G. nivalis (wato Galanthus nivalis), irin da ya fi yawa, ganyen biyu siriri ne, suna fitowa manne da juna. A G. plicatus na Kirimiya gefen ganyen a naɗe yake ta baya. Shi kuwa G. elwesii, ganyensa mai faɗi ne, ɗaya ya rungume ɗaya. Ya ci sunan Henry John Elwes, wanda ya samo shi kusa da birnin Izmir na Turkiyya a 1874. Wannan alama ta ganye ta fi ɗigon fure abin dogaro wajen gane iri.

Yana son ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, a ƙarƙashin itatuwan da ke kaɗe ganye da sanyi. Ana binne ƙwayar zurfin santimita 10. Abin da ba ta jurewa shi ne bushewa, shi ya sa da yawa ke dasa shi da ɗanyen ganyensa da zarar fure ya faɗi. In ya yi cunkoso bayan 'yan shekaru, sai a tono a rarraba. Ba a yanke ganyen sai ya bushe da kansa. Ƙasa mai zafi ba ta karɓarsa.

Yawan haƙo shi daga daji ya sa yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta sa wa cinikinsa takunkumi tun 1990. Daga jikinsa aka fara samo galantamine, maganin da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer.