Ƙaramar hukuma a Jihar Tawa

Ƙaramar hukuma, wadda mutanen Nijar suka fi kira komin, ofishinta kuma meri, ita ce matakin mulki mafi kusa da talaka a Jamhuriyar Nijar. A Jihar Tawa akwai ƙananan hukumomi 44 a cikin gundumomi 12, wato Abalak, Bagarawa, Birnin Konni, Buza, Illela, Keita, Madawa, Malbaza, Tawa, Tasara, Cintabaradan da Tiliya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jihar mutum 3,328,365. Mafi yawan waɗannan hukumomi na karkara ne, inda ake samun gari ɗaya mai kasuwa da ofishin magajin gari, wato shugaban komin, sai ƙauyuka da rugagen Fulani da zangunan Buzaye kewaye da shi. Birnin Tawa kansa yana da matsayi na musamman, kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram, an kuma raba shi da'ira biyu.

Tarihi

Kafin zuwan Turawan Faransa, al'amuran gari a ƙasar Adar, wadda ta ƙunshi babban ɓangare na jihar, suna hannun masu sarauta da dattawan zuri'ar da ta fara saran daji. Ana danganta kafuwar sarautar Sarkin Adar da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ake cewa ya ci ƙasar wajen ƙarshen ƙarni na 17 ko farkon na 18, kuma zuri'arsa ce ke riƙe da sarautar a Illela. Konni ta shiga ƙarƙashin Sakkwato bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yayin da Abzinawa suke da ƙarfi a arewa, cikin Azawak, da kuma wasu sassa na kudancin Adar, inda ƙauyukan manoma da yawa suke ba su hatsi don a zauna lafiya.

Faransawa sun kafu a Tawa wajen 1900 zuwa 1901. Sun yanka ƙasar kashi-kashi, kowane kashi na mazauna ƙauyuka suka ɗora shi kan sarki guda, makiyaya kuma suka haɗa su rukuni-rukuni ƙarƙashin shugabanninsu, dukkansu suna amsa umarnin kumandan, wato Baturen mulki. Wasu daga cikin sarakunan nan gadon gidansu suka ci gaba da riƙewa, wasu kuwa Bature ne ya ɗaga su saboda sun yi masa hidima, abin da har yau yake fitowa a gardamar gadon sarauta. Aikin da aka fi sanin sarki da hakimi da shi a wancan zamani shi ne tara harajin kai, wanda ake kira lanho, da jangalin dabbobi, da fitar da mutane aikin tilas na hanya da gine-gine. An soke aikin tilas a 1946, amma haraji ya zauna, kuma tun daga nan talaka ya saba ganin hukuma a matsayin mai zuwa karɓa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba ƙasar manyan yankuna bakwai, Tawa na cikinsu, kowanne kuma aka raba shi ƙananan yankuna ƙarƙashin sufurefe. A takarda waɗannan yankuna suna da kasafin kuɗinsu da majalisarsu, amma da yake jam'iyya ɗaya ce ke mulki a zamanin Diori Hamani, kuma daga Yamai ake naɗa sufurefe, shi ne mai yanke magana. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da Samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan gari, ya mai da ita hannun gwamnati wajen gina ɗakunan makaranta, sharar gari, dasa itatuwa da tarbar baƙi. Daga baya aka haɗa ta da ƙungiyoyin manoma cikin majalisun raya ƙasa da suka taso daga ƙauye har zuwa babban birni. Dattawa da yawa suna tuna wannan zamani da kewa saboda tsabtar gari da aikin gayya, ko da yake ba kowa ne yake fita aikin don ransa ya so ba.

Maganar miƙa iko ga jama'a ta yi ƙarfi a babban taron ƙasa na 1991. Tawayen Abzinawa, wanda kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaradan cikin Mayun 1990 ya rura wutarsa, shi ma ya tura ta gaba, domin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta ƙunshi alkawarin barin yankuna su tafiyar da al'amuransu. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999 zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, aka soke sakamakon wurare da dama, rikici ya tashi, kuma kashe shugaban ranar 9 ga Afrilu na shekarar ya binne zaɓen baki ɗaya. Sai a zamanin Tandja Mamadou dokokin Yunin 2002 suka kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasar, 213 na karkara, 52 na birni, aka kuma zaɓi kansilolinsu na farko ranar 24 ga Yuli 2004. Wajen shata iyaka, galibi an bi ƙasar sarakuna ne, ƙasar sarki guda ta zama komin guda, mai girma kuma aka tsaga ta biyu ko fiye. Wannan ya sauƙaƙa aikin, sai dai ya jawo jayayya kan garin da za a ajiye meri da kuma ɓangaren da wasu ƙauyuka za su bi, musamman inda manoma da makiyaya suke zaune ƙasa ɗaya amma kowa da sarkin da yake biya wa haraji.

Kundin dokar ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 ya sake tsara al'amarin, aka yi zaɓe a Janairun 2011, sannan bayan ɗagewa sau da yawa aka yi wani ranar 13 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani sun rushe zaɓaɓɓun majalisun a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Masu goyon baya sun kafa hujja da ɓarnar dukiya, masu suka kuma sun ce an raba jama'a da wakilansu.

Tsari

Bisa tsarin dokar 2010, wanda aka bi kafin rushe majalisun a 2024, majalisar ƙaramar hukuma tana da kansiloli daga 11 zuwa 25 gwargwadon yawan jama'a, wa'adinsu shekara 5, kuma su ne suke zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Majalisar ce ke amincewa da kasafin kuɗi da shirin raya ƙaramar hukuma, tana kuma iya tsige magajin gari da ƙuri'ar rashin amincewa. Sarakuna da 'yan majalisar dokoki na yankin suna zama a taron, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Ferefe, wakilin gwamnati a gunduma, shi ke duba ko abin da majalisa ta yanke bai saɓa wa doka ba. Dokar kaso ta 2000 ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe ga kowane jinsi, aka ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma ta wannan ƙofa ce mata da yawa suka shiga majalisun karkara.

Ma'aikatan meri a ƙaramin gari ba su da yawa: magatakarda, mai riƙe da kuɗi, jami'in takardun haihuwa, da 'yan karɓar haraji a kasuwa. Malamin gona, malamin dabbobi da jami'in gandun daji ma'aikatan gwamnati ne, meri na neman taimakonsu ne idan buƙata ta taso, sau da yawa kuma ita ke zuba musu mai a babur.

Kuɗin shiga

Ginshiƙin kasafin komin ta karkara shi ne harajin da kowane baligi yake biya a shekara, wanda ya daɗe a kan sefa 700, abin da mutane suke cewa ɗari da arba'in tunda da dala, wato sefa biyar, ake lissafi. Hakimai ne suke tara shi gida-gida bisa rajistar iyali, ana kuma ba su kaso daga abin da suka kawo. A nan ne ake ganin yadda sabon tsari ya jingina da tsoho, domin magajin garin da ba ya ɗasawa da sarki da hakimansa da wuya ya ga kuɗin da ya rubuta a kasafi. Shekarar da damina ta yi gardama biyan yakan ja baya sosai, haka ma shekarar zaɓe, lokacin da ba ɗan siyasar da yake son a gan shi yana matsa wa masu ƙuri'a.

Na biyu shi ne kasuwa. Ranar da take ci, masu karɓa suna bi rumfa-rumfa da tikiti, ana biya a kan tebur, a kan dabbar da aka shigo da ita kara da wadda aka sayar, a mahauta, a tasha, har da amalanke da kabu-kabu. Saboda haka arzikin ƙananan hukumomi ya bambanta ƙwarai. Wadda take kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ko take da kasuwar dabbobi, ko take cikin ƙasar albasa irin ta Galmi da kwarin Madawa, ko take bakin iyakar Najeriya kamar Konni, ta fi wadda take can cikin duwatsun Adar abin hannu nesa ba kusa ba. Sayar da filayen gini wata hanya ce, kuma ita ta fi jawo zargi. Gwamnati tana ba da tallafi ta hukumar samar wa ƙananan hukumomi kuɗi, ANFICT, da aka kafa a 2008, amma manyan ayyuka, irin su rijiyar burtsatse da ginin aji, mafi yawansu da kuɗin ƙungiyoyin agaji da ƙasashe masu ba da taimako ake yin su, meri ta kawo ɗan kasonta.

Ayyuka

Abin da ya fi kai mutum meri shi ne takarda: ta haihuwa, ta aure, ta mutuwa, da buga hatimi a kan kwafi. Ana bayyana haihuwa a likita ko wurin hakimi, sannan a kai meri a fitar da takardar. Wanda ya wuce wa'adin doka sai ya bi ta hannun alƙali, shi ya sa ake shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka a ƙauyuka, inda ake yi wa ɗaruruwan yara takardu a 'yan kwanaki. Iyaye da yawa ba su tuna da ita sai yaro ya kai ajin jarrabawa, ko saurayi zai yanki katin ɗan ƙasa don tafiya cin rani.

A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, sai dai kuɗin bai bi ikon da sauri ba. Albashin malamai da na ma'aikatan likita daga gwamnati yake zuwa. Abin da ya rage wa gari shi ne gyaran aji, tebura, da rumfunan zana da ake kafawa bayan girbi, waɗanda kwamitin iyaye yake ɗawainiya da su, kuma su ne dalilin da ya sa karatu ba ya kankama a wasu ƙauyuka sai an sami karan gero. Ƙananan ɗakunan shan magani da yawa an gina su ne a shirin musamman na Tandja daga 2001, kuma tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ruwan famfo a ƙananan garuruwa na tankin da meri ta mallaka ne, ta ba ɗan kasuwa ya tafiyar, ana saye da jarka. Kwashe shara kusan babu shi a wajen manyan garuruwa.

Ƙasa, noma da kiwo

Babu abin da ya fi cin lokacin shugabannin gari kamar ƙasa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa Jihar Tawa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, daga baya suka sauko komin da ƙauye, kuma su ne suke rubuta shaidar saye, gado, jingina ko aron gona, suna kuma kafa alamun burtali da makiyaya da mashaya. Sulhu kan gona yana farawa ne a zauren hakimi, ya wuce fadar sarki, sai ya gagara sannan a je gaban alƙali.

Lokacin haɗari shi ne kaka, sa'ad da garkunan da suka yi damina a Azawak suke gangarowa kudu alhali wake da dawa ba su gama barin gona ba. Hukumomin jiha suna tsayar da ranar sakin gonaki bayan shawara da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya, a yi shela a rediyo da kasuwanni. Dabbar da ta yi ɓarna kafin ranar ana kai ta turken meri, a kimanta abin da ta ci, mai ita ya biya. Dokar kiwo ta Mayun 2010 ta tabbatar wa makiyaya 'yancin yawo da dabbobinsu. Ana saɓani kan yadda ake aiki da ita.

Ƙungiyoyi da 'yan cin rani

Adarawa sun shahara da tafiya neman kuɗi Najeriya, Kodebuwa, Kamaru da Libiya, har wasu ƙauyuka sukan zama na mata da tsofaffi da yara tsawon rani. Kuɗin da suke aikowa, da wanda ƙungiyoyin 'yan asalin gari mazauna Yamai suke tarawa, ya gina masallatan Juma'a da dama, ya gyara famfo, ya sayi hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, kuma irin wannan kuɗi ba ya bi ta asusun meri. Matan da aka bari a gida su ne suka ɗauki mafi yawan aikin shirin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka jera duwatsu a gangaren tuddai, aka gina madatsun ruwa, aka dasa itatuwa masu ɗimbin yawa, ana biyan ma'aikata da abinci. A kwarin Majiya, wajen Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE don tare iska suna cikin ayyukan da aka fi ambata a jihar. Adashin mata, bankunan hatsi da fadodin samari su ma suna ɗaukar wani ɓangare na hidimar gari, kuma ƙungiyar da take son tallafi sai ta fara samun takardar amincewa daga hukuma.