Mai nazarin al'umma ba ƙauye kaɗai yake zuwa ba

An daɗe ana cewa masanin antiropoloji, wato mai nazarin rayuwar al'umma, aikinsa kawai shiga lungunan daji ya rubuta yadda mutanen da ba su ga zamani ba suke rayuwa. Ba laifin masu faɗin haka ba ne, don a zamanin Turawan mulki da yawa daga masanan hakan suka yi.

Yau abin ya wuce nan. Wanda ya karanci dunƙulewar duniya, bin sawun mutane da kuɗi da kaya yake yi daga ƙasa zuwa ƙasa. Kafin ya samu digirin digirgir, yakan share shekara ko fiye a cikin jama'a, ya koyi harshensu, sannan ya rubuta kundi, daga baya ya koyar a jami'a.

Mu nan Sudan ma darasi ne a wurinsa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka yi da Turawan Ingila a Arewacin Nijeriya, kakanninmu suka bi hanyar Makka a ƙafa, wasu suka yada zango a Maiwurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, da dama suka shiga noman auduga a Jazira. Tsohuwa mai tuyar ƙosai da jikanta ke turo mata kuɗi daga Jidda ta waya, ita ma abin nazari ce.

In kana son tabbatarwa, nemi kundin bincikensu a ɗakin karatun jami'a, ka duba inda suka zauna da waɗanda suka tattauna da su. Don Allah a tura wa 'yan uwa.