Ma'aikacin laburare ba mai gadin littattafai ba ne

A unguwar Idi-Araba ta Legas, in yaro ya ce ilimin laburare zai karanta a jami'a, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Haba ɗana, shekara huɗu don kakkaɓe ƙura?" Tunanin nan ya daɗe, amma kuskure ne.

A jami'o'in Najeriya, ƙwararren ma'aikacin laburare sahun malamai yake. Ba ya samun ƙarin girma sai ya yi bincike ya wallafa, shugabansu kuwa yana cikin manyan jami'ai, kafaɗa da kafaɗa da magatakarda da ma'aji. Tun 1995 doka ta kafa hukumar yi musu rajista.

Wasu fanni guda ake damƙa musu. Ɗauki mai kula da likitanci, irin na kwalejin Jami'ar Legas da ke nan unguwarmu. Da shawararsa ake zaɓen mujallun da za a biya, da dala kuwa, ba wasa ba. Shi ke koya wa ɗalibai tono a PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, ya bambance musu mujallar kirki da ta 'yan damfara, masu karɓar kuɗi su buga kowane shirme. Bincikensa yakan shafi yadda likitoci ke neman bayani. Jera littattafai a kanta kuwa, galibi aikin mataimaka ne.